Yaron da ya kife kai a kan benci

Makarantar firamare takan raba yaro ɗaya gida uku ba tare da ta sani ba. In ya yi zazzaɓi, lamarin na wanda ke riƙe da akwatin magani ne. In ya yi faɗa ko ya ƙi rubutu, sai a tura shi wurin malamin ladabtarwa. In kuwa ya yi shiru, ya daina wasa, ya fara ramewa, to wannan ba shi da mai shi, sai in an yi dace da malama mai lura. A ganina wannan rabon ne ke haifar da yawancin kurakuran da ake yi wa yara ƙanana a makaranta. Yaron da ya kife kai a kan benci da hantsi yana iya zama mai zazzaɓi, ko wanda sukarin jininsa ya faɗi, ko wanda bai runtsa ba saboda rigimar gida, ko wanda ba ya ganin allo har ya gaji da ƙoƙari, ko kuma lalaci ne kawai ke damunsa. Daga gaban aji duk kamanninsu ɗaya. Malamin da ya fara da zato na ƙarshe zai hukunta sauran a kan laifin da ba nasu ba.

Abin da nake kira a yi ba ya bukatar sabon gini. Kowane yaro ya kasance da fayil ɗaya da ya haɗa lafiyarsa, halayyarsa da fashinsa. A sami mutum ɗaya, wanda kowa ya san sunansa, da alhakin bibiyar fayilolin ke wuyansa, da wani na biyu da zai tsaya masa ranar da ba ya nan. Sannan abin da za a yi in wani abu ya faru ya kasance a rubuce, kada ya dogara da kirkin malami ɗaya wanda gobe za a iya yi masa canjin wurin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun fitar da ƙa'idoji a 2021 da ke neman kowace makaranta ta zama mai inganta lafiya, kuma jigon maganarsu ke nan: lafiyar ɗalibi aikin makaranta ce gaba ɗayanta.

Fayil ɗin yana farawa da takardar da iyaye ke cikewa ranar shigar da yaro. Ya kamata ta nemi lambar waya ta mutum biyu aƙalla, waɗanda ba gida ɗaya suke wuni ba, da ciwon da yaro ke fama da shi na dindindin, da maganin da yake sha, da abinci ko maganin da jikinsa ba ya karɓa, da rigakafin da aka yi masa, da izinin kai shi asibiti in ba a sami iyaye ba. Wuri biyu takardar nan ke lalacewa. Na farko, ana cika ta a aji ɗaya a jefa a durowa, sai ranar da yaro ya faɗi a aji huɗu a tarar lambobin duka sun daina aiki. A sabunta ta farkon kowane zango. Na biyu ya fi wuyar magani: iyaye suna ɓoye farfaɗiya da sikila don tsoron a ƙi ɗaukar yaron ko a riƙa nuna shi da baki. Tsoron nasu yana da dalili, shi ya sa dole makaranta ta rubuta a saman takardar cewa ba a ƙin yaro saboda ciwo, ta kuma faɗi waɗanda za su ga bayanin. Duk yaron da ke da ciwo na dindindin a yi masa shafi ɗaya tak: alamominsa, abin da ke tayar masa da ciwon, abin da za a yi cikin minti biyar na farko, wanda za a kira. Shafi ɗaya, domin a tsakiyar ruɗani ba wanda zai karanta shafi shida.

Zazzaɓi shi ne baƙon kullum. Taɓa goshi da bayan hannu ba awo ba ne. A sami ma'aunin zafin jiki, kuma digiri 38 zuwa sama shi ne zazzaɓi. A rubuta lokacin da aka auna da abin da aka samu, a sake aunawa bayan rabin awa in iyaye ba su iso ba. Wurin kwantar da maras lafiya ko da kusurwar ofis ce, ya kasance da shimfiɗa mai gogewa, ruwan sha, bokitin amai, kusa da bayan gida, kuma idon babba yana kai. Kada a bar yaro shi kaɗai a ɗaki a rufe ƙofa, kada kuma a ce masa "tafi gida" ya kama hanya shi kaɗai ko da ɗan'uwansa yaro. Akwai alamomin da ba a jiran iyaye a kansu: wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi, numfashi da kyar, jijjiga, barcin da ba a iya tayar da yaro daga gare shi, ƙuraje masu duhu da ba sa dusashewa in an danna su da gefen kofin gilashi. Waɗannan asibiti ake nufa, a kira iyaye a hanya.

Maganar ba da magani tana bukatar tsauri. Farasitamol ana lissafa shi ne da nauyin yaro, miligiram 15 ga kowane kilo, bayan awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau huɗu a awa 24. Yaro mai kilo 20 ke nan miligiram 300 ne nasa, ƙwayar manya mai 500 ta yi masa yawa. Haɗarin da aka fi faɗawa shi ne ninkawa: uwa ta ba shi da safe kafin ya fito, makaranta ta ƙara masa bayan awa biyu, ba wanda ya tambayi wani. Saboda haka ba a ba da ko ƙwaya ɗaya sai da izinin iyaye da tambayar lokacin da ya sha na ƙarshe, a kuma rubuta a aika gida da takarda. Asfirin ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita, domin yana iya jawo mummunar cutar hanta da ƙwaƙwalwa. A wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ba aikin malami ba ne ya ba da maganinsa a kan zato. Gwaji ake fara yi. Gudawa kuwa abin da ke kashewa a cikinta ƙarewar ruwan jiki ne, don haka fakitin ruwan gishiri da sukari ya zama yana cikin akwatin kullum: fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a zubar da ragowar bayan awa 24. In babu fakiti, shafaffen cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Wanda ya ƙara gishiri da nufin ya fi ƙarfi, cutar da yaron ya yi.

Yaushe yaro zai zauna a gida, yaushe zai dawo? Mai amai ko gudawa ya yi awa 48 bayan na ƙarshe kafin ya dawo. Mai ƙarambau sai ƙurajen duka sun bushe sun yi ɓawo, wajen kwana biyar ke nan. Mai ƙyanda kwana huɗu bayan fitowar ƙuraje, kuma ita ba a wasa da ita: cikin mutum goma marasa rigakafi da suka kusanci mai ita, tara na iya kamuwa, ƙwayar cutar kuma tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan ya fita. Yaro ɗaya mai ƙyanda dalili ne na sanar da hukumar lafiya ranar, da duba wanda ba a yi wa allurar sau biyu ba. A ɗaya ɓangaren, ƙaramar mura ba tare da zazzaɓi ba, ko kwarkwata, ko makero da aka fara yi wa magani, ba sa bukatar a kori yaro mako guda.

A nan ina da ƙorafi a kan kyautar da ake ba wanda bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Niyyar mai kyau ce, amma abin da take koyarwa shi ne a turo yaro da zazzaɓi don kada ya rasa kyauta, shi kuma ya rarraba wa 'yan bencinsu. Tana kuma hana yaro mai sikila ko asma kyautar tun kafin a fara zango, a kan abin da ba shi ya ɗora wa kansa ba. In za a yaba, a yabi wanda zuwansa ya gyaru. Kuma makarantar da ke wa'azin wanke hannu alhali babu sabulu a bakin bayan gida ta daina wa'azin ta sayi sabulu. Sakan 20 ake so, bayan bayan gida da kafin cin abinci, kuma layin yara arba'in a famfo ɗaya yana nufin rabinsu ba za su wanke ba.

Wurin da rashin shiri ya fi yin ɓarna shi ne ciwon da ke tasowa farat ɗaya. Ɗauki farfaɗiya. Yaro ya faɗi yana jijjiga, abu na farko shi ne a duba agogo. A kawar da benci da duk abin da zai buge shi, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga, in jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefe don yawu ya fita. Ba a danne shi, ba a watsa masa ruwa, ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, amma cokali yana karya haƙori, ruwan da aka ɗura kuma yana shiga huhu. In ta wuce minti biyar, ko wata ta biyo kafin ya farfaɗo, ko kuma wannan ne karo na farko, sai asibiti. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa, kuma ya kamata a gaya wa 'yan ajin haka da baki ranar da abin ya faru, domin gudun da za su riƙa yi masa gobe ya fi faɗuwar ciwo.

Mai asma a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi. A ba shi abin shaƙarsa na buɗe ƙirji, feshi ɗaya bayan kowane sakan 30 zuwa 60, har feshi 10, ta cikin bututun da ake jonawa in yana da shi, domin yaro ƙarami ba ya iya daidaita feshi da jan numfashi. In ya kasa kammala magana, ko leɓɓansa sun canza launi, ko feshi goma bai yi aiki ba, a nemi asibiti nan take. Mai ciwon sukari da ya fara gumi, makyarkyata da ruɗewa, a ba shi sukari wajen giram 10 zuwa 15, kimanin cokalin shayi uku a ruwa, a sake dubawa bayan minti 15. In ya suma, ba a sa masa komai a baki. Ka lura da wannan: faɗuwar sukari takan fara ne da fushi da taurin kai, har malami ya ɗauka rashin kunya ce. Mai sikila a bar shi da gorar ruwa a kan bencinsa, a bar shi ya fita fitsari ba tare da roƙo ba, kada a tilasta masa gudu a rana ko tsayuwa cikin sanyi, kuma zazzaɓi a jikinsa lamarin asibiti ne a ranar. Wanda jikinsa ke mummunan bori ga wani abinci ko harbin ƙwaro, in fuska ta kumbura numfashi ya fara toshewa, allurar adiranalin da likita ya rubuta masa ake yi a gefen cinya ta waje, ko ta saman wando, a ƙara ta biyu bayan minti biyar in bai sauƙaƙa ba.

Duk wannan ilimin yana tashi a banza saboda abu ɗaya: makulli. Ana ajiye abin shaƙar yaro a durowar shugaban makaranta, shi kuma ya tafi taro da makullin a aljihu. Maganin gaggawa wurinsa kusa da yaro ne, a aji, a filin wasa, a motar yawon buɗe ido, inda babba zai kai hannu cikin minti ɗaya. A duba ranar lalacewarsa kowane zango. Horon ma bai kamata ya tsaya kan malamai ba, domin yaro ba ya zaɓar gaban wanda zai faɗi. Mai gadi, mai shara da direba duk su san matakan, a kuma maimaita musu kowace shekara.

Ƙananan raunuka ba sa bukatar dogon bayani. Haɓo: yaro ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan ɓangaren hanci minti 10 zuwa 15 ba tare da saki ana leƙawa ba, ɗaga kai sama jini yake turawa maƙogwaro. Ƙuna: ruwan sanyi mai gudana minti 20, ba mai, ba man goge baki. Buguwar kai: ko da yaro ya tashi ya ci gaba da wasa, a aika wa iyaye takarda su lura da shi kwana biyu, amai a kai a kai ko yawan barci ko ruɗewa su kai shi asibiti. Safar hannu kafin a taɓa jini, kowane lokaci.

Yanzu ga inda lafiya ke shiga cikin halayya. Kafin a rubuta wa yaro "ba ya ji" a rahoton zango, akwai tambayoyin da ya cancanci a yi masa. Yana gani? Allon gwajin ido a nesan mita 6 da minti biyu sun isa a gano wanda ke bukatar a tura shi asibitin ido, kuma yaron da bai taɓa gani sosai ba bai san akwai abin da ya rasa ba, don haka ba zai kawo ƙara ba. Yana ji? Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura yana rage ji na makonni, sai yaro ya zama kamar mai yin kunnen uwar shegu. Yana barci? Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, kuma rashin barci a yaro sau da yawa ba hamma yake kawowa ba, ƙiriniya yake kawowa. Ya ci abinci? Jininsa ya isa? Tsutsar ciki da ƙarancin jini suna sa kasala da rashin riƙe karatu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar raba maganin tsutsa ga yara sau ɗaya ko biyu a shekara a yankunan da take da yawa. Akwai ma wata farfaɗiya da ba ta kayar da mutum: yaro ya ƙura ido sakan goma ko makamancin haka, ya daina magana a tsakiyar jimla, ya dawo kamar ba abin da ya faru, sau da yawa a yini. Ana yi wa irin wannan yaro tsawa shekara guda kafin wani ya yi tunanin likita.

In an duba jiki ba a ga komai ba, sai a duba halin da kansa, kuma hanyar da ta fi amfani ita ce mafi sauƙi. Malami ya ja layi uku a takarda: abin da ya faru kafin, abin da yaron ya yi, abin da ya biyo baya. Ya riƙa cikewa mako biyu, da rana da lokaci, da kalmomin da ido ya gani. "Ya jefar da littafi" bayani ne, "ya yi iskanci" hukunci ne, kuma ba a gyara da shi. Bayan mako biyu sawu yakan fito. Wani duk rigimarsa kafin karatun baki take tashi, kuma kullum sakamakonta a kore shi waje, wato ya tsira daga karatun da yake jin kunyar bai iya ba. Korar da ake ɗauka horo ce ta zame masa lada, kuma gobe zai sake. Wani hankalin malami yake nema, ko da ta tsawa ne. Wani hayaniya ce ke rikita shi. Maganin na farko taimakon karatu ne a keɓe, na biyu a ba shi hankalin tun kafin ya nema ta mummunar hanya, na uku a canza masa wurin zama. Hukunci iri ɗaya ga su ukun ba zai gyara ko ɗaya ba.

Dokokin aji kada su wuce uku zuwa biyar, a faɗe su da abin da ake so a yi, a kuma koyar da su kamar yadda ake koyar da lissafi: yadda ake shiga aji, yadda ake karɓar littafi, yadda ake neman izini, a gwada a maimaita a makon farko. Yawancin hargitsi a gaɓar canji yake aukuwa, dawowa daga tara, sauya darasi, rabon kaya, don haka nan ne ya kamata idon malami ya fi buɗewa. Yabo ya ambaci aikin: "Na ga ka jira har ta gama magana." Gyara kuma a yi shi kusa da yaro da ƙaramar murya, domin wanda aka kunyata gaban tsaransa kare mutuncinsa zai sa gaba, ba gyara ba. Sakamakon laifi ya zama sananne tun farko, mataki bayan mataki: tunatarwa, gargaɗi, canjin wuri, 'yan mintoci a keɓe inda malami ke gani, sannan zama da iyaye. Tabbacin cewa sakamakon zai zo ya fi tsananinsa aiki. Abu uku kuwa a bar su: hukunta aji duka saboda mutum ɗaya, ba monita ikon dukan 'yan'uwansa, da hana yaro fita wasa a matsayin horo na kullum. Yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, kuma wanda aka fi hana fita shi ne wanda ya fi bukatar ya zubar da ƙarfinsa kafin darasi na gaba.

Sai maganar bulala. Masu kare ta sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma karin maganar tanƙwarawa ta ce, kuma duk wanda ya taɓa yi ya san da sannu ake yi, da ɗauri da jira. Duka yana tsayar da hali na 'yan mintoci, shi ya sa malami ke ganin yana aiki. Abin da ba ya gani daga inda yake tsaye shi ne abin da bincike na shekaru da dama ya yi ta nunawa: yaran da ake duka sun fi zama masu faɗa, sun fi fargaba, karatunsu ya fi rauni. Ga hujja ma a cikin ajin kansa, yaran da ake duka a zangon farko su ne dai ake duka a zango na uku. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 28, ta ce ladabtarwar makaranta dole ta dace da mutuncin yaro, ƙasar Suwidin kuwa ta haramta dukan yara gaba ɗaya tun 1979. Akwai kuma abin da ya shafi batunmu kai tsaye: yaron da ke tsoron malami ba zai ce masa cikinsa na ciwo ba, ba zai ce an taɓa shi a inda bai dace ba.

Ba na raina uzurin malamin da ke gaban yara saba'in shi kaɗai. In an karɓe masa bulala ba a ba shi komai ba, an bar shi da tsawa ne kawai. Akwai dabarar da aka fara gwadawa a Amurka a 1969, aka kuma yi ta maimaita gwajinta, wadda ta dace da babban aji: a raba yara rukuni biyu ko uku, a sanar cewa wasan minti goma ne a cikin darasi, duk wanda ya karya doka a sa wa rukuninsa alama a allo ba tare da faɗa ba, duk rukunin da alamominsa ba su wuce adadin da aka yanke ba ya ci, ko da duka ne suka ci. Ladan ƙarami ne, kamar fita wasa da wuri. A hankali ake tsawaita lokacin. Inda take ɓaci shi ne in yaro ɗaya ya riƙa jawo wa rukuninsa asara da gangan har suka tsane shi. Irin wannan sai a ware shi ya zama rukuni shi kaɗai na ɗan lokaci. Kuma wasu yara, masu matsalar kasa tsayar da hankali da yawan motsi, ba dabarar aji kaɗai za ta ishe su ba. A gajarta musu aiki, a ba su umarni ɗaya-ɗaya, a zaunar da su gaba, a kuma shawarci iyaye su ga likita. Malami ya bayyana abin da ya gani, kada ya laƙaba wa yaro sunan cuta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne yaro mai shiru, domin ba ya damun kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, kuma a wannan shekarun damuwa ta jiki take fitowa: ciwon ciki duk safiyar Litinin, ciwon kai kafin wani darasi, fitsarin wando bayan an daɗe da dainawa. Ciwon na gaske ne, yaron ba ƙarya yake ba. Amma in littafin ɗakin marasa lafiya ya nuna sunansa sau shida a wata, kullum kafin a fita tara, to tambayar ita ce wa ke jiransa a filin wasa. Nan amfanin fayil ɗaya ke bayyana: mai akwatin magani ya ga ciwon ciki, malamin aji ya ga makin da ya faɗi, mai rajista ya ga fashi, ba wanda ya ga yaron sai an haɗa takardun uku. Fashin kashi 10 cikin ɗari na kwanakin makaranta, wato kwana biyu a wata, ya isa a kira iyaye a tambaya cikin mutunci. Cin zali kuma a wuraren da babu babba yake faruwa, bayan gida, bayan aji, bakin ƙofa lokacin tashi. A raba wa malamai tsaron waɗannan wuraren da suna da lokaci. 'Yan mata na manyan azuzuwa wasunsu a firamare suke fara al'ada, don haka audugar mata a akwati, bayan gida mai sakata, da malama da suka san za su iya zuwa wurinta, suna hana fashin da ba wanda zai faɗi dalilinsa.

In yaro ya buɗe baki ya faɗi cewa ana cutar da shi, minti biyar ɗin farko suna da nauyi. A saurara, kada fuska ta nuna firgita. Kada a yi masa alkawarin rufe sirri. A ce masa za a gaya wa wanda zai taimaka kaɗai. Kada a sa masa magana a baki da tambaya irin "wane ne ya yi maka, ko?" A rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, a miƙa wa mai alhakin kare yara a makarantar a ranar, shi kuma ya kai ga hukumar da doka ta ɗora wa aikin. Malami ba ya bincike da kansa, ba ya kiran wanda ake zargi ya tambaye shi, ba ya kuma kai labarin ɗakin malamai.

Duk wannan yana tsayawa ne a kan zama ɗaya na minti ashirin a mako, inda mai riƙe da fayiloli, shugaban makaranta da malaman da abin ya shafa za su bi sunayen yaran da ake damuwa da su, kowane suna ya fita da aiki, da mai yi, da ranar dubawa. A ƙarshen shekara malamin aji ya zauna da wanda zai gaje shi su bi fayilolin, kuma malamin da ya zo riƙon ƙwarya na kwana ɗaya a miƙa masa shafukan yara masu ciwo kafin ya shiga aji. Masu duba makarantu ma suna da rawar da za su taka. In sun zo, bayan rajista da tsarin darasi, su buɗe akwatin taimakon gaggawa su karanta ranakun da ke jikin magunguna, su kira lamba uku daga takardun iyaye su ji ko suna shiga, su tsayar da kowane ma'aikaci da suka ci karo da shi su tambaye shi abin da zai yi in yaro ya faɗi yana jijjiga a gabansa.